Ƙaguwar gizo-gizo

Ƙaguwar gizo-gizo suna ne da ake kiran wani babban rukuni na ƙaguwoyin teku masu dogayen ƙafafu sirara da jiki mai tsini ta gaba. A kimiyyance sunan rukunin Majoidea, kuma an san nau'o'insa fiye da 800. Ana samun su a dukkan manyan tekunan duniya, tun daga bakin gaɓa inda ruwa bai kai gwiwa ba har ƙasan teku mai zurfin fiye da mita 2,000, inda hasken rana ba ya kaiwa. A cikin rukunin ne ake da ƙaguwar Japan, wadda ta fi kowace ƙaguwa a duniya tsawon ƙafafu.

Duk da sunanta, ba ta da dangantaka ta kusa da gizo-gizo. Kama ce kawai ta jawo mata sunan. Gane nau'o'inta na zurfin teku aiki ne mai wuya, domin akwai halittu da yawa masu dogayen ƙafafu da ba 'yan rukunin ba ne, kuma abin da ke raba nau'i da nau'i sau da yawa ƙaramar gaɓa ce da ido kaɗai ba ya iya tantancewa. Shi ya sa har yanzu masana suke sake wa wasunsu suna da matsayi.

Matsayinta a rabon halittu

Masana suna jera halittu hawa-hawa. Mataki na ƙasa shi ne nau'i, wato halittun da suke iya hayayyafa da junansu. Nau'o'i masu kusanci suna haɗuwa su zama gida, gidaje su zama dangi, dangogi kuma su zama babban dangi. Kowane nau'i yana da suna mai kalma biyu cikin Latin: ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'in.

Ƙaguwa tana cikin rukunin Decapoda, ma'ana masu ƙafa goma, tare da jatan lande. A cikin wannan rukuni, ƙaguwoyi na ainihi su ne Brachyura, wato masu gajeren wutsiya, saboda wutsiyarsu ta gajarce ta naɗe a ƙarƙashin ciki kamar murfi. Majoidea babban dangi ne guda a cikin Brachyura. Sunan ya samo asali daga gidan Maja, wanda Bafaranshe Jean-Baptiste Lamarck ya raɗa wa suna a 1801, sannan George Samouelle na Ingila ya gina sunan dangin a kansa a 1819.

Siffar jiki

Ƙoƙon bayan ƙaguwar gizo-gizo yawanci ya fi tsawo a kan faɗi. Yana da faɗi ta baya, ya tsuke ta gaba, har ya ƙare da tsini a goshi, wanda a nau'o'i da yawa ya rabu biyu kamar ƙaho. Bayan yakan kasance da ƙayoyi ko ƙuraje. Tana da hannuwa biyu masu baki kamar awartaki da ƙafafun tafiya takwas. Ba kamar yawancin ƙaguwoyi da ke tafiya ta gefe ba, da yawa daga cikin 'yan wannan rukuni suna iya tafiya gaba sosai, sai dai a hankali.

Wata alama da aka san su da ita ita ce gashi mai lanƙwasa kamar ƙugiya a ƙoƙon baya da ƙafafu. Ƙaguwar tana tsinko ciyawar teku ko soson teku da hannunta, ta maƙala a wannan gashi, har ta saje da wurin da take. Mafi yawan nau'o'in suna yin wannan ɓad-da-kama, musamman suna ƙanana. Manya da na zurfin teku sukan rage shi, su dogara da ƙayoyi da girman jiki.

Ƙaguwa tana girma ne ta hanyar saɓa, wato ta tuɓe tsohon ɓawo ta yi sabo. Ƙaguwar gizo-gizo tana yin saɓa ta ƙarshe idan ta balaga, daga nan ba ta ƙara girma. A wannan saɓa hannuwan namiji sukan yi tsawo da kauri ƙwarai, har ya zama kamar ba nau'i ɗaya ne da macen ba. Mace tana riƙe ƙwai a ƙarƙashin murfin cikinta. Idan sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan suna fitowa a matsayin 'yan tsutsotsi masu yawo a cikin ruwa. Suna wuce matakai biyu na tsutsar da ake kira zoea, sannan mataki guda da ake kira megalopa, kafin su sauka ƙasa su ɗauki siffar iyayensu. Yawancin sauran ƙaguwoyin teku suna wuce matakan zoea fiye da biyu, don haka wannan ma shaida ce ta rukunin.

Yadda ake gane nau'i

Idan aka fito da ƙaguwa daga zurfin teku, akan ɗauki hotonta nan take domin launinta yana gushewa bayan an adana ta. Akan rubuta wuri da zurfi da ranar kamu, a sa ta cikin sinadarin itanol, sannan a wanke abin da ta maƙala a jiki domin ƙayoyin su fito fili. Daga nan ake duba waɗannan abubuwa:

1. Tsinin goshi: guda ne ko biyu, tsawonsa, da ko ƙahonnin sun miƙe tare ko sun ware.
2. Kwarmin ido: ko ya kewaye idon sosai, ko rabi ne, ko babu shi sam. Wannan na daga cikin manyan abubuwan da ke raba dangogi.
3. Gindin zaren ji da ke gefen ido: a Majoidea yakan manne da ɓawon fuska, kuma faɗinsa da ƙayoyinsa sun bambanta daga gida zuwa gida.
4. Ƙayoyin baya: yawansu, tsawonsu da inda kowace ta tsaya.
5. Murfin ciki: na namiji siriri ne, na mace mai faɗi. Ana ƙirga gaɓoɓinsa a ga waɗanda suka manne da juna.
6. Gaɓar haihuwa ta namiji: wasu 'yan sanduna ne a ƙarƙashin murfin ciki. Siffar bakinsu takan keɓanta da nau'i guda, don haka ita ce babbar shaida idan sauran alamomi sun yi kama. Ana duba ta da madubin kimiyya mai ƙara girman abu.

A yau ana haɗa wannan da gwajin ƙwayoyin gado na DNA, musamman wani yanki da ake kira COI, wanda ake kwatantawa tsakanin halittu. Gwajin bai maye gurbin duban jiki ba. Idan tun farko an yi kuskuren sunan ƙaguwar da aka ɗebi DNA ɗinta, duk wanda ya kwatanta da ita zai gaji kuskuren.

Matsalolin aikin a zurfin teku sun fi na bakin gaɓa. Babbar komar da jirgi ke ja a ƙasan teku takan karya ƙafafu da ƙayoyi. Wasu nau'o'in guda ɗaya ko biyu kawai aka taɓa kamawa. Ƙarami yakan fi babba tsawon ƙayoyi idan aka kwatanta da jikinsa, wanda ya sa a da aka sha ba yaro da babba na nau'i ɗaya suna daban-daban.

Halittun da ake rikita ta da su

Sarkin ƙaguwa, na dangin Lithodidae, shi ne aka fi rikitawa da ita, domin shi ma yana da ƙayoyi da dogayen ƙafafu, kuma yana zama a ruwa mai sanyi da zurfi. Sai dai ba Brachyura ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙirga ƙafafun tafiya: shida ake gani a jikinsa, domin biyun ƙarshe ƙanana ne kuma suna ɓoye a ƙarƙashin ƙoƙon baya. Ƙaguwar gizo-gizo takwas take nunawa. Murfin cikin macen sarkin ƙaguwa kuma a karkace yake.

Ƙaguwoyin dangin Homolidae da Latreilliidae su ma suna da ƙafafu dogaye sirara. Ana gane su da ƙafafu biyu na ƙarshe da suka ɗago sama ta baya. 'Yan Homolidae da su suke riƙe soso ko wani abu a kan bayansu kamar laima.

Gizo-gizon teku, wato Pycnogonida, ba ƙaguwa ba ne sam. Kusan duk jikinsa ƙafafu ne, ba shi da ƙoƙon baya, yana da dogon baki na tsotso.

Dangogin Majoidea

An daɗe ana zuba dukkan ƙaguwoyin gizo-gizo a dangi guda, Majidae. A 2008 Peter Ng da Danièle Guinot da Peter Davie suka fitar da jerin sunayen ƙaguwoyin duniya mai suna Systema Brachyurorum, inda suka lissafa nau'o'i da ƙananan nau'o'i 6,793 cikin dangogi 93. Rabon da aka fi amfani da shi a yau ya ginu a kan wannan aiki, tare da gyare-gyaren da suka biyo baya:

Majidae: masu kwarmin ido da ya kusa cika, kamar gidan Maja.
Inachidae: marasa kwarmin ido, masu ƙafafu sirara ƙwarai.
Inachoididae: suna kama da Inachidae, yawancinsu a tekunan nahiyar Amurka suke.
Epialtidae: dangin da ya fi kowane yawan nau'o'i, da yawansu a gangaren zurfin teku.
Oregoniidae: sun shahara a ruwan sanyi na arewacin duniya.
Mithracidae: masu kaurin hannu, da yawa a ruwan ɗumi mara zurfi. A da ƙaramin sashe ne na Majidae, a 2014 aka ɗaga shi ya zama dangi.

Dangin Hymenosomatidae, ƙananan ƙaguwoyi masu shafaffen baya, yana cikin Majoidea a jerin 2008, amma daga baya aka fitar da shi aka ba shi babban dangi nasa.

Fitattun nau'o'in zurfin teku

Ƙaguwar Japan, Macrocheira kaempferi, tana zaune a Tekun Fasifik ta kudu da tsibirin Honshu, musamman a mashigan Sagami da Suruga da Tosa, a zurfin mita 50 zuwa 600. Daga bakin hannu guda zuwa ɗayan takan kai mita 3.7, alhali ƙoƙon bayanta bai wuce santimita 40 ba, nauyinta kuma yana kaiwa kilo 19. Coenraad Temminck na ƙasar Holan ne ya bayyana ta a 1836 a cikin gidan Maja, ya raɗa mata sunan Engelbert Kaempfer, likita Bajamushe da ya zauna a Japan daga 1690 zuwa 1692. A 1839 Wilhem de Haan ya ware mata sunan Macrocheira, ma'ana mai dogon hannu. An sa ta a Majidae, an mai da ita Inachidae, yanzu kuma an ba ta danginta, Macrocheiridae.

Ƙaguwar ƙanƙara, Chionoecetes opilio, 'yar dangin Oregoniidae ce. Ita ce ta fi kowace a rukunin daraja a kasuwa, ana kama ta da tarkon keji a gabashin Kanada, Alaska, Rasha da Japan.

Gidajen Cyrtomaia da Platymaia suna zaune a gangaren Tekun Indiya da Fasifik. Platymaia tana da ƙafafun baya masu faɗi da geza, na gaba kuma cike da ƙayoyi.

Encephaloides armstrongi tana rayuwa a Tekun Larabawa da Mashigin Bengal, a zurfin da iskar shaƙa ta yi ƙaranci ƙwarai a ruwa. Ɗakunan numfashinta sun kumbura a bayanta, abin da ke taimaka mata zama inda yawancin halittu ba sa iyawa.

Tarihin binciken

A 1758 Carl Linnaeus ya sa kusan dukkan ƙaguwoyin da ya sani a gida guda mai suna Cancer. Sanin na zurfin teku ya bunƙasa ne da tafiyar jirgin Ingila mai suna Challenger daga 1872 zuwa 1876. Edward Miers ya yi nazarin ƙaguwoyin da jirgin ya kwaso, rahotonsa ya fito a 1886, kuma shi ya raɗa sunayen Cyrtomaia da Platymaia. Jirgin Holan mai suna Siboga ya yi irin wannan aiki a tekunan Indunusiya a 1899 da 1900. A Amurka, Mary Rathbun ta fitar da babban littafi a kan ƙaguwoyin gizo-gizo na nahiyar a 1925. Daga 1976 Faransawa suka fara jerin tafiye-tafiyen MUSORSTOM daga tekun Filifin, waɗanda suka tara dubban samfura a gidan tarihin halittu na Faris, kuma har yau ana fitar da sababbin nau'o'i daga cikinsu.

A Afirka ta Yamma ayyuka biyu ne ginshiƙai: na Théodore Monod, wanda cibiyar IFAN ta Dakar ta buga a 1956, da na Raymond Manning da Lipke Holthuis na 1981. A aikin na biyu ne aka tabbatar cewa jar ƙaguwar zurfin teku da ake kamawa a gaɓar Angola da Namibiya ba ɗaya ba ce da ta gabashin Amurka, kamar yadda aka daɗe ana ɗauka. Yanzu sunanta Chaceon maritae. Ita ba 'yar Majoidea ba ce, dangin Geryonidae take, amma labarinta ya nuna yadda za a yi shekaru ana sayar da halitta da sunan wata.

Dalilin da ya sa sunaye suke canzawa

Dokar raɗa wa dabbobi suna ta duniya ta tanadi cewa kowane nau'i yana da samfur na asali da aka ajiye a gidan tarihi, wanda sunan ya rataya a kansa. Idan nau'i guda ya sami suna biyu, wanda ya riga fitowa shi ake riƙewa. Idan kuma aka gano an sa nau'i a gidan da ba nasa ba, sai a canza kalmar farko a bar ta biyu.

Akwai misalin wannan daga gabashin Jihar Sakkwato. Kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce wani teku mara zurfi ya rufe yankin, ya bar shimfiɗun duwatsu da masana suka raɗa wa sunayen Taloka, Dukamaje da Wurno. A 1930 William Swinton ya bayyana ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku daga yankin da sunan Mosasaurus nigeriensis. Bayan masana daga Italiya sun samo ƙoƙon kai a ƙasar Goronyo, suka ga dabbar ta bambanta da gidan Mosasaurus, sai a 1972 suka kafa mata sabon gida. Sunan ya koma Goronyosaurus nigeriensis.

Haka abin yake a ƙaguwoyi. Gidan Rochinia ya daɗe yana ɗauke da nau'o'in zurfin teku masu yawa da ƙayoyin bayansu suka yi kama. Da aka sake duba gaɓar haihuwa da DNA, sai aka farfasa shi, aka mai da da yawa zuwa gidaje irin su Samadinia da Scyramathia. Ƙaguwar Turai da ake ci, Maja squinado, ita ma an daɗe ana ɗaukar ta nau'i guda. Yanzu sunan ya tsaya ga ta Bahar Rum, ta Tekun Atilantika kuma ana kiran ta Maja brachydactyla.

Bambancinta da ƙaguwar ƙasar Hausa

Ƙaguwar gizo-gizo ba ta rayuwa a ruwan daɗi. Duk ƙaguwar da masunci zai tsinta a kogin Rima ko na Sakkwato, a madatsar Goronyo ko a fadamun Wurno da Rabah, ba 'yar Majoidea ba ce. Ƙaguwoyin koguna da fadamun cikin Najeriya 'yan dangin Potamonautidae ne, kuma gidan da ya fi yaɗuwa shi ne Sudanonautes. Daga cikinsa akwai Sudanonautes monodi ta yankunan da ke da dogon rani, wadda ke haƙa rami ta fake kuma tana iya shaƙar iska a tudu, da Sudanonautes kagoroensis, wadda Neil Cumberlidge ya bayyana a 1991 ya ba ta sunan Kagoro ta Jihar Kaduna.

Ƙoƙon bayan waɗannan ya fi faɗi a kan tsawo, sumul yake, ba tsini a goshi, kuma akwai wani layi mai tudu da ya gitta shi ta bayan idanu. Ƙwansu manya ne kuma ba su da yawa. Ba sa wuce matakin tsutsa mai yawo a ruwa: 'ya'yan suna ƙyanƙyashewa da siffar ƙaguwa, uwar ta riƙe su a ƙarƙashin ciki na ɗan lokaci. Duk da wannan bambanci, hanyar gane nau'i ɗaya ce, domin a nan ma gaɓar haihuwa ta namiji ce babbar shaida.

Muhimmancin gane nau'i

Ana tsara dokar kamu ne nau'i-nau'i. A Tekun Bering ƙaguwar ƙanƙara tana zaune tare da 'yar'uwarta Chionoecetes bairdi, kowace da nata ƙa'idar kamu, har sukan haifi ruwa-biyu. Masu sa ido suna raba su da launin ido, kore a ta farko, ja a ta biyu, da kuma siffar gefen baki. Tsakanin 2018 da 2021 kimanin ƙaguwoyin ƙanƙara biliyan 10 suka ɓace daga gabashin wannan teku. Bincike ya danganta hakan da ɗumamar ruwa da ta ƙara musu buƙatar abinci har yunwa ta kashe su. A Oktoban 2022 Alaska ta rufe kamun wannan nau'i a karon farko. Ƙidayar da ta tona wannan asara ta yiwu ne saboda ana iya raba nau'o'in biyu.

A Najeriya batun ya shafi lafiya. Wasu ƙaguwoyin ruwan daɗi, ciki har da Sudanonautes africanus ta dazuzzukan kudu, suna ɗauke da tsutsar huhu mai suna Paragonimus uterobilateralis. Wanda ya ci ƙaguwar ɗanya ko ba ta dahu sosai ba yana iya kamuwa da tari mai jini da ake rikitawa da tarin fuka. Cutar ta yawaita a gabashin ƙasar lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da yunwa ta sa mutane cin ƙaguwa ba tare da dafawa sosai ba. Sanin nau'in da ke ɗauke da tsutsar da inda yake zaune yana taimaka wa ma'aikatan lafiya su san yankunan da za su sa wa ido, kuma dafa ƙaguwa har ta nuna sosai yana kashe tsutsar.